ZARE: Daga jigo zuwa Dam ɗin Tiga, tarihin lansir da noman ganye a kudancin Kano

1/ Kwanan nan bidiyoyin "maikurogirin" sun cika TikTok da Instagram: a zuba iri a faranti, a ajiye a bakin taga, bayan kwana goma a yanka da almakashi a ci. Wasu har kwas suke sayarwa a kai. To ku gyara zama, yau tarihi za mu taɓa. Abin nan yana da ɗan'uwa a gidanmu, sunansa lansir. Zaren da ɗan tsawo fa 🧵

2/ Da farko, mene ne shi? Jaririn ganye ne kawai. Ka shuka iri a cushe, ya tsiro, ya buɗe ganyensa na farko, sai ka yanke shi daga saman ƙasa tun bai wuce tsawon ɗan yatsa ba. Yawanci kwana 7 zuwa 21. Ya bambanta da tsiron da ake ci har da saiwa da ƙwaya. Shi wannan kara da ganye kaɗai ake ci.

3/ A Amurka, masu dafa abinci a manyan gidajen cin abinci na San Faransisko ne suka fara ɗora shi a kan faranti a shekarun 1980, don ado da ɗanɗano. A tsakiyar shekarun 1990 aka fara nomansa don sayarwa a kudancin Kalifoniya. Sunan ma a wannan zamanin ya fito. Wato suna ne sabo, amma cin ganye yana jariri ya girmi kakannin kakanninsu.

4/ Yanzu ku tuna yadda ake noman lansir. Mai lambu ya gyara kwami, ya watsa iri a cushe, ya ba shi ruwa. Kwana biyu ya fito. Mako biyu zuwa uku an cire shi yana ɗanye shar, an ɗaure an kai kasuwa. A yanka, a zuba ƙuli-ƙuli, tumatir, albasa, ɗan mai da gishiri. Ku gaya min bambancin wannan da abin da ake yi mana talla a bidiyo, in ban da faranti da hasken kyamara.

5/ Lansir tsohon ganye ne a duniya. Masana tsirrai suna kiransa Lepidium sativum, dangin kabeji ne. Asalinsa yankin yammacin Asiya da arewa maso gabashin Afirka. An samu irinsa a kabarin Fir'auna Tutankamun a Masar, sama da shekara 3,000 ke nan. Marubucin Girka Zenofon, wajen shekara 2,400 da suka wuce, ya ambaci yaran Farisa suna cin sa da gurasa.

6/ Har yau Larabawa suna sayar da irinsa da sunan habbur rashad. A Habasha ana ce masa feto. A Indiya ana haɗa irin da kayan zaƙi a ba mai jego. Mu kuma a tsofaffin littattafai za ku ga an rubuta labsur, lafsur, lausur, irinsa kuma algarif. Likitan nan ɗan Sikotland, J. M. Dalziel, ya sa shi a littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa tun 1916.

7/ Ku lura da "al" ɗin da ke gaban algarif. Irin ta albasa ce da alkama, waɗanda sunayensu daga Larabci suka zo. Waɗannan ukun duka halinsu ɗaya: ba sa son zafi, ba sa son ruwan damina mai yawa, sai sanyin hunturu da ban-ruwa. Amfanin gona ne na hanyar Sahara, na garuruwan fatake, na mutanen da suka iya sarrafa ruwa da rani.

8/ Daga baya, zamanin Turawa, sai ga wani rukunin: latas, kabeji, karas. Su ma sunansu ya tona asirin inda suka fito. Ka ga ashe kwandon mai kayan miya kundin tarihi ne. Gefe guda 'yan gida irin su yakuwa, rama da kuɓewa, gefe guda baƙin Larabawa, gefe guda baƙin Turawa, duk a kan faifai ɗaya.

9/ Me ya sa lansir ya samu gindin zama? Saboda ya toshe wata ɓaraka a shekarar Bahaushe. Da damina ganye kyauta ne: tafasa, rama, zogale, yaɗiya, lalo, alayyafo, ko'ina ka juya. Da kaka ta wuce sai a koma busasshe, kuka da busasshiyar kuɓewa da kalkashi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ɗanyen ganye sai a lambu. A daidai nan lansir yake shigowa.

10/ Shi ya sa tarihin ganyen rani a ƙasarmu tarihin ruwa ne. Duk wanda ya riƙe ruwa da rani, shi ya riƙe ganye. Bari mu bi ruwan mu gani, mataki uku: jigo, dam, injin ban-ruwa.

11/ Mataki na farko, jigo. Ga waɗanda ba su taɓa gani ba: a kafa gwafa a bakin rafi ko rijiya, a gitta doguwar sanda. A bayanta a ɗaura dunƙulen laka mai nauyi, a gaba igiya da guga ko ƙwarya. Ka ja ƙasa, guga ta cika, nauyin laka ya ɗago maka ita, ka juye a kwata, ruwa ya bi ya shiga kwami ɗaya bayan ɗaya. Fasaha ce da Masarawan da suka yi amfani da ita a bakin Nilu.

12/ Aikin jigo aikin ƙarfi ne. Guga ɗaya bayan ɗaya tun asuba, cikin sanyi, ƙafa a laka. Saboda haka lambun mutum ɗaya ba ya girma. Ƙaramin fili ne, sai a cusa masa abin da yake saurin kawo kuɗi. Albasa tana cin watanni, alkama ma haka, amma lansir mako biyu zuwa uku ya biya kuɗin cefane. Shi ne yake riƙe mai lambu kafin babban amfani ya nuna.

13/ Birnin Kano ma kansa da gonakinsa a ciki. Kilafaton da ya zo a 1824 da Barth da ya zo a 1851 duka sun rubuta cewa babban ɓangare na cikin ganuwa fili ne da gonaki. Wanda ya gina ganuwa ya san in an yi wa gari ƙawanya, abinci a ciki za a nema. Yau ma unguwa kamar Gandun Albasa sunanta yana ba da labarin abin da ƙasarta ta taɓa yi.

14/ Mu gangaro kudu. Bebeji tsohon gari ne mai ganuwa a kan hanyar Kano zuwa Zariya. Kilafaton ya ratsa ta cikinsa a 1826 a tafiyarsa ta biyu, ya same shi babban garin ciniki. Garin Agalawa ne fataken goro masu zuwa Gwanja. A nan aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877. Garin da ayari yake sauka kuwa, kasuwar mai lambu ba ta kwantai.

15/ Kuma Allah ya yi wa yankin baiwar ruwa. Doguwa da Tudun Wada sun fi arewacin jihar samun ruwan sama. Kogin Kano yana gangarowa daga tsaunukan kudu, ya ratsa dajin Falgore, ya nufo arewa. Ta wajen Kiru kuma ga Kogin Challawa da ƙoramunsa. Da rani ruwan saman ya janye, amma yana nan kwance a ƙarƙashin yashi da fadamu. Tona kaɗan ka same shi.

16/ Mataki na biyu, dam. An ƙirƙiri Jihar Kano a watan Mayun 1967, aka naɗa kwamishinan 'yan sanda Audu Bako gwamna. Mutumin ya ɗauki maganar ruwa da gaske. Ya fara da Dam ɗin Bagauda a ƙasar Bebeji, aka buɗe gonar gwaji a Kadawa tare da ƙwararru 'yan ƙasar Holan. Sannan ya shiga babban aikin.

17/ Tiga. An gina shi daga 1971 zuwa 1974 a kan Kogin Kano. Bangon ya kai kusan kilomita 6 a tsawo, tsayinsa wajen mita 48. Tafkin ya mamaye kimanin murabba'in kilomita 178, an tsara shi ya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Ku tuna ana wannan aiki ne daidai lokacin farin 1972 zuwa 1974 da ya ƙona Sahel, ya kashe dabbobi, ya tarwatsa ƙauyuka.

18/ Tsarin yana da ban sha'awa: babu inji. Ruwa ya fito daga Tiga ta babbar kwata, ya sauka Ruwan Kanya a ƙasar Rano, daga nan ya bi gangare da kansa zuwa gonakin Bunkure, Garun Malam da Kura. Kashi na farko an tsara hekta 22,000. A 1976 gwamnatin tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, aikin ya koma hannunta.

19/ Abin da ya biyo baya kun san shi. Kadawa ta zama sunan tumatir da alkama. Da gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, idon ƙasa ya koma can. Kura ta zama garin shinkafa. Kwanar Gafan ta zama tashar da tireloli suke lodin kwandunan tumatir zuwa Legas. Matasan da a da suke tafiya cirani suka samu abin yi a gida. Wannan alheri ne, babu musu.

20/ Amma ga ɓangaren da ba a cika faɗa mana ba. Ruwan da ya cika Tiga a kan gonaki da gidajen mutane ya kwanta. Dubban jama'a aka tasa aka sake musu matsuguni. Kuma ƙasar da ta fara nutsewa ita ce ta bakin kogi, wato fadama, wato inda jigo yake. Kwatar kuma ta ɗauki ruwan ta yi arewa da shi. Masu tudu suna kallon tafki, masu gangare suna shan romo.

21/ A inda aka shimfiɗa gonakin ban-ruwan ma, sai da aka share fili aka sare bishiyoyi don katafila ta daidaita ƙasa. Ɗorawa da kuka da tsamiya ba ado ba ne a gonar Bahaushe, jarin mata ne: daddawa, miya, kunu. Masu bincike irin su Tina Wallace da Cecile Jackson sun zauna a yankin sun yi rubutu a kan wa ya samu, wa ya rasa, musamman mata da ƙananan manoma.

22/ Can ƙasa kuma, dausayin Haɗeja da Nguru ya rage samun ambaliyar da yake rayuwa da ita, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa. Sannan a watan Agustan 1988, bayan ruwan sama mai yawa, Dam ɗin Bagauda ya ɓalle ya yi ɓarna. Ruwan da aka tare yana da amfani, yana kuma da lissafin da wani yake biya.

23/ Wani abu kuma: babban aikin gwamnati babban amfani yake nema. Alkama, shinkafa, masara, tumatir. Ba wanda ya zana taswirar dam saboda lansir ko alayyafo. Ƙananan ganye suka ci gaba da zama a gefen kwata, a bakin kunya, a hannun ƙaramin mai lambu. Ba su shiga lissafin ofis ba, amma su ne a kwanon talaka.

24/ Mataki na uku, inji. A shekarun 1980 hukumar KNARDA ta yaɗa 'yar rijiyar burtsatse ta fadama da ƙaramin injin fetur. Shirin Fadama na Bankin Duniya ya ɗora a kai a farkon shekarun 1990. Cikin ɗan lokaci jigo ya zama labari. Wannan ne ya fi taɓa irin su Kiru, Tudun Wada da Doguwa, inda kwatar Tiga ba ta zuwa. Mutum ɗaya ya iya shayar da filin da a da sai gayya.

25/ Sai dai inji ya ɗaura lambu a wuyan fetur. Tun da aka cire tallafin mai a 29 ga Mayun 2023, duk wanda yake da ɗan'uwa mai noman rani ya ji kukan. Ga taki, ga maganin feshi. Ga kuma tsutsar nan da manoma suke kira sharon, wadda ta cinye tumatir a 2016 har sabon kamfanin tumatirin Ɗangote na Kadawa ya rasa abin sarrafawa. Duk wannan a farashin kayan miya yake ƙarewa.

26/ To ina maganar shuka a cikin ɗaki ta shigo? Ita ma tana da tarihinta, kuma abin mamaki da lansir aka yi shi. A hunturun 1819 zuwa 1820, jiragen ruwan Ingila biyu, Hecla da Griper, ƙarƙashin William Parry, suka maƙale a ƙanƙara a tsibirin Melbil, can ƙuryar arewacin Kanada. Watanni babu rana, babu ɗanyen abinci.

27/ Sai ciwon rashin bitamin C ya kama wani ma'aikacin jirgin. Ciwon da dasashi yake kumbura yana jini, haƙora su yi girgiɗi, jiki ya mutu. Parry ya samu akwatuna marasa zurfi, ya zuba ƙasa, ya shuka lansir da mastad, ya ɗora a kan bututun ɗumama ɗakinsa. Cikin mako guda ya fara yanka. Ganyen ya fito fari fat don rashin haske, amma da shi da sauran magani mutumin ya miƙe.

28/ Har gobe yara a Ingila suna shuka lansir a kan jiƙaƙƙiyar auduga a makaranta. Dalili ɗaya ne: irinsa in ya sha ruwa yana yin yauƙi, ya manne a inda aka sa shi, ya tsiro da abincin da ke cikin ƙwayarsa. Ba ya neman taki a kwanakin farko. Mu ma fa muna da namu ilimin tsirar da ƙwaya a ɗaki. Tsiron shinkafar da iyayenmu mata suke sa wa kunun zaƙi a jiƙaƙƙen buhu ake yin sa.

29/ Maganar gina jiki fa? A 2012 masu bincike na Jami'ar Maryland da Ma'aikatar Noma ta Amurka sun gwada irin waɗannan jariran ganye guda 25. Suka samu cewa a awo ɗaya, da yawansu sun ninka manyan ganyensu a wasu bitamin, daga ninki 4 har zuwa 40. Wannan binciken ne 'yan talla suke yawo da shi.

30/ Amma mu faɗa wa juna gaskiya. Faranti guda ɗan tafin hannu yake bayarwa. Ba zai maye gurbin tuwo ba, ba zai maye gurbin lambun bakin rafi ba, kuma ba maganin kowace cuta ba ne kamar yadda wasu suke zuzutawa. Amfaninsa shi ne ɗanyen ganye mai tsabta a kan abincin gida, a lokacin da na kasuwa ya yi tsada ko ya ɓace.

31/ Kalmar tsabta ɗin nan ku riƙe ta. Lansir ɗanye ake ci, ba ya ganin wuta. A cikin birni kuwa, lambunan bakin Jakara da ruwan kwatami da na masana'antu ake shayar da da yawansu, kuma an sha yin bincike ana samun ƙwayoyin cuta da guba irin ta ƙarfe a ruwan. Wanda ka shuka da ruwan da kake sha, ka san abin da ka ci.

32/ Sannan ku dubi wa abin ya fi yi wa amfani. Tun zamanin jigo har zuwa inji, lambu na maza ne, a bakin ruwa, nesa da gida. Mata su saya, su kwaɗanta, yara su kai talla. Gonar gado kuma kullum ƙara tsagewa take. Faranti shi ne lambun da matar da ke cikin gida, da ɗalibi a hostal, da mai haya ɗaki ɗaya za su iya mallaka ba tare da sun roƙi fili ba.

33/ Ga yadda ake yi a taƙaice. Samu tsohuwar roba ko tire mara zurfi, huda ƙasanta. Zuba ƙasa mai laushi haɗe da yashi, kaurin yatsa biyu. Jiƙa ta. Barbaɗa irin lansir a cushe amma kada su hau kan juna. Kada ka jiƙa irin a kofi tukuna, zai cure ya zama kamar miyar kuɓewa. Rufe da faifai kwana biyu.

34/ Da ya fito, buɗe shi ka kai inda haske yake, bakin taga ko inuwar baranda. Ku tuna ganyen Parry: babu haske, babu kore. Yayyafa ruwa safe da yamma, kada ya kwanta, in ba haka ba fumfuna ta kama. Kwana 7 zuwa 14 ka yanka da almakashi mai tsabta, ka wanke. In kana shuka sabon faranti duk bayan kwana huɗu, ba za ka yanke ba. Lokacin sanyi ya fi yi. Da zafin Maris da Afrilu sai ka koma alayyafo, rama ko yakuwa.

35/ GARGAƊI, don Allah kada a tsallake nan. Irin da ake sayarwa a leda mai launin ja ko shuɗi ko kore an shafa masa maganin ƙwari, ba a yin wannan da shi. Kada a ci jaririn ganyen tumatir, attaruhu, tattasai ko dankalin Turawa, danginsu akwai guba a ganye. Haka tsiron dawa. Makiyaya sun daɗe da sanin gyauron dawa yana kashe dabba.

36/ Abu mafi muhimmanci shi ne iri. Lansir in an bar shi ya girma yana fure ya yi 'ya'ya, kuma haka masu lambu suka riƙe shi hannu zuwa hannu tsawon ƙarnoni, babu kamfani, babu tallafi. Kafin ka tura kuɗi a kawo maka iri daga waje, leƙa wajen masu kayan ƙamshi da 'yan lambu a kasuwar Kwanar Ɗangora ko ta Tudun Wada ko 'Yankaba. Ka tambaya ko an sa masa magani.

37/ Kuma 'yan'uwana ɗalibai, dattawan da suka ja jigo da hannunsu, da waɗanda suka ga garinsu kafin ruwan Tiga ya rufe shi, suna nan da ransu amma suna raguwa. Duk wanda ya kai shekara 70 a Bebeji ko Tudun Wada ya ga wannan sauyin da idonsa. In kun je hutu ku zauna da su, ku kunna rikoda a waya. Me suke shukawa? Ina suke samun iri? Me aka biya su da aka tashe su?

38/ Nan zan tsaya. Wanda ya gwada ya turo mana hoton farantinsa bayan kwana goma. Kuma ina son jin yadda kuke kiran lansir a garinku, musamman 'yan Sakkwato, Katsina, Maraɗi da Damagaram, da irin kwaɗon da kuke yi masa. A tura wa wasu su ma su amfana.